DAREN DA RUWA YA CI JIBIYA

Mu dai mutanen ƙasar Daura tun muna goye aka koya mana tsoron rashin ruwa. Tarihin garinmu ma da ƙishirwa ya fara, don babu yarinyar da ba ta san labarin rijiyar Kusugu ba, da macijiyar da ta hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajida ya zo ya kashe ta. Iyayenmu kuma sun ga farin 1973 da na 1984, lokacin da gero ya bushe a tsaye, shanu suka yi ta faɗuwa a daji. Shi ya sa da hadari ya haɗo daga gabas sai murna, kowa na jera bokitai da robobi a bakin indararo. Abin da ba a koya mana ba shi ne, ruwan nan da muke roƙo yana iya shigowa har ɗaki cikin dare ya ɗauke yaro daga kan tabarma.

Haka ta faru a Jibiya, garin da ke bakin iyakarmu da Nijar kamar yadda Mai'aduwa da Zango suke. Daren Lahadi 15 ga Yuli 2018, bayan mutane sun kwanta, ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Kogin da ke gefen garin ya cika ya batse, ruwan da ke gangarowa daga cikin gari ya rasa inda zai zuba, sai ya komo cikin unguwannin da ke kwari. Kafin gari ya waye ranar Litinin an rasa sama da mutum 40, gidaje fiye da 500 sun rushe ko sun lalace, dabbobi kuwa ruwa ya tafi da su da yawa. Shi wannan kogi Nijar yake shiga, can ne ake kiransa Gulbin Maraɗi, saboda haka wasu gawarwakin sai a wajen Madarunfa aka tsinto su, wato a wata ƙasa daban. Gwamnan lokacin Aminu Bello Masari ya je, mataimakin shugaban ƙasa na lokacin Yemi Osinbajo shi ma ya je jaje, waɗanda suka tsira kuma aka tsugunar da su a makaranta.

To 'yar uwa, mafi yawan waɗanda suka rasu mata ne da ƙananan yara, kuma ba abin mamaki ba ne in kin duba yadda muke zaune. Mace tana can ƙuryar gida, ga goyo ga na yaye, ba ta iya iyo ba, zaninta ya jiƙe ya naɗe mata ƙafa. Wata ma tsayawa za ta yi jiran maigida ya dawo ya ce a fita. Wata kuma ta riga ta fito, sai ta tuna da kwallayenta da akwatin lefe ta koma, alhali ginin ƙasa in ya sha ruwa daga gindi ba ya sallama kafin ya zube.

Ba Jibiya aka fara ba. A watan Agusta 1988 an yi kwanaki ana sheƙa ruwa a Kano, madatsar ruwa ta Bagauda ta ɓalle, dubban gidaje suka rushe a birni da ƙauyuka. Kuma akwai dalilin da ya sa ɓarnar take ƙaruwa. A shekarun fari na 1970 zuwa 1980 da 'yan kai, fadamu da kududdufai da tsofaffin hanyoyin ruwa sun bushe, jama'a ta ƙaru, sai aka yanka filaye a cikinsu aka yi gini. Da damina ta dawo da ƙarfinta, ruwa ya zo neman tsohuwar hanyarsa ya tarar da ɗakin wata a kai. Ga kuma leda da shara da muke zubawa a kwata da hannunmu, suna toshe 'yar hanyar da ta rage masa.

Bari in kai ki nesa kaɗan, ki ga waɗanda suka fi mu sanin wannan jarrabawa. Wata guda bayan ɓallewar Bagauda, ranar 12 ga Satumba 1988, wata mahaukaciyar guguwar teku da aka sa wa suna Gilbat ta faɗa wa tsibirin Jamaika. Tsibiri ƙasa ce da teku ya zagaye ta ko'ina, babu wani gari na maƙwabta da za a gudu a fake. Mafi yawan mutanen wurin baƙaƙen fata ne, jikokin bayin da aka kwasa daga nan Afirka ta Yamma. Guguwar ta bi tsibirin tun daga gabas har yamma da iska mai gudun wajen kilomita 200 a awa ɗaya, ta yaye kwanon rufi kamar ana yaye mayafi, ta kwantar da gonakin ayaba, ta kashe kajin gidan gona, wasu yankuna suka yi watanni babu lantarki. Mutum wajen 500,000 suka rasa matsuguni, amma waɗanda suka mutu ba su kai 50 ba. Ki auna da Jibiya, gari ɗaya tak, dare ɗaya. Bambancin shi ne su an sanar da su ta rediyo tun kafin ta iso, da yawa suka tanadi ruwa da abinci suka koma makarantu da sauran gine-gine masu ƙarfi.

Tashinsu bayan haka ma abin koyi ne. Gwamnati ta taimaka da kayan gini, 'yan uwansu da ke Ingila da Amurka da Kanada suka yi ta aiko da kuɗi da kaya, maƙwabta suka taru suna ɗora wa juna rufi, dama an ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Suna ma da irin adashinmu sak, suna kiransa fadna, kuma mata ne suka fi riƙe shi. Sun kuma koyi ɗaure rufi da ƙarfe a jikin gini don kada iska ta sake ɗaukewa. Duk da haka jarrabawar ba ta ƙare ba, don a 28 ga Oktoba 2025 wata guguwar mai suna Melisa, wadda ta fi Gilbat ƙarfi, ta sake afka musu.

Mu nan ba mu da teku, amma muna da iskar farkon damina mai kwashe kwano, muna da ruwan Agusta mai zubar da katanga. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina kowace shekara, hukumar NEMA da aka kafa a 1999 ita ce mai kai agaji, to amma duk ba su ne za su fitar miki da yara cikin dare ba. Tun rani ki matsa wa maigida a yi yaɓe, a gyara indararo, a duba ƙusoshin kwano. Ki daina zuba shara a kwata. Takardun gida da na makarantar yara ki ƙulle su a leda ki rataye a sama. Babban abu kuma, ku yi magana da shi tun yanzu cikin ladabi, ki ce, "Maigida, in ruwa ya shigo ba ka nan, ina zan nufa da yara?" Ya ba ki izini tun da rana tsaka, ku san tudun da za ku haɗu. In kin fita kuma kin fita ke nan, kwalla ana sake saye.

Bayan ruwa ya janye akwai sauran yaƙi, domin ya riga ya haɗa masai da rijiya, daga nan ne amai da gudawa ke ɓullowa. Ki tafasa ruwan sha. Yaron da ya fara zawo ki haɗa masa ruwan gishiri da sukari, wato lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, yana sha kina hanyar asibiti. Ku kuma masu adashi, in gidan ɗayarku ya rushe ku bar mata kwasa ko da ba zagayenta ba ne, don ba ki san wadda za ta biyo baya ba.

Allah Ya jiƙan mutanen Jibiya da suka rasu, Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu da 'ya'yanmu, amin.