KAKANMU DIREBA: TARIHIN DA KE TAFE BISA TAYA

A wannan mako mun ajiye tarihin sarakuna da 'yan siyasa, mun ɗauko na wani tsoho da babu littafin da ya ambace shi. Kakanmu ne, direban babbar mota daga wani ƙauye a ƙasar Funtuwa. Mu jikokinsa Tsoho muke ce masa, shi kuma yana kiranmu 'yan cin banza, irin wasan nan na jika da kaka. Ranar da muka kai shi makwancinsa, mutanen da suka zo daga nesa sun fi na gida yawa, sai a lokacin muka gane ba mu san wanda muka zauna da shi ba.

Kafin mota, fatake ne ke haɗa ƙasar Hausa da sauran duniya. Ayari kan tashi da jakuna ƙarƙashin madugu, a yi watanni ana yada zango kafin a kai Gwanja a ɗauko goro. Da Turawa suka shimfiɗa layin dogo, jirgi ya iso Kano a 1911, daga baya reshen da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929. To amma jirgi ba ya shiga ƙauye. Sai an sami wanda zai kwaso gyaɗa da auduga daga gonaki ya kai tasha. Da farko jaki da raƙumi ne suka yi wannan aiki, sannan motar bodin katako ta karɓe shi. Duk wanda ya ga hoton dalar gyaɗa ta Kano, ya tuna kowane buhu da ke ciki sai da wani ya ɗauko shi.

Tsoho ya shiga sana'ar ta ƙofar da kowa ke shiga a lokacin, wato a matsayin yaron mota. Shi ne mai wanke mota, mai ɗaure kaya, mai kwana a ƙarƙashinta yana gadi. In an zo hawa, shi zai diro da waigi a kafaɗa yana bin mota a guje, don ya tare taya kada ta koma baya. Ya ce mana ya daɗe yana wannan bauta kafin maigidansa ya yarda ya taɓa sitiyari, kuma ranar da ya karɓi lasin, har fura mahaifiyarsa ta raba sadaka. Direba a wancan zamani mutum ne mai daraja, domin shi ke zuwa da labarin birni da sabon yayi. Ba banza ba Mamman Shata ya yi wa Bawa Direba waƙa.

Farkon aikinsa jigilar auduga ce daga kasuwannin ƙauye zuwa gidan gurza na BCGA da ke Funtuwa, da kai gyaɗa wurin sikeli. Hanyoyin duk burji ne. Da damina mota kan kafe a laka kwana biyu, a sauke kaya kaf, a tono taya, a shimfiɗa rassan itace, sannan a sake lodi. Daga baya ya koma tafiyar Kudu: Birnin Gwari, Tegina, Mokwa, a haye Kwara ta gadar Jebba, a wuce Ilori da Badun har Ikko. Ya kan sauka da hatsi, ya dawo da goro da manja.

Abubuwan da muka haddace a aji don cin jarrabawa, shi a kan hanya suka same shi. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 a wurinsa shingayen sojoji ne da kwana a bakin hanya. A ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama, don ta daidaita da maƙwabtanta irin su Nijar da Kamaru. Ya ce makonni ya yi yaron motarsa na tuna masa hannu a kowace kwana. A farkon 1973 naira ta maye gurbin fam da sule, amma shi har ya rasu in zai ce naira biyu, fam guda yake cewa.

Sai fari ya zo a 1973, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, dalar Kano ta baje. A nan ne labarin da ya fi taɓa mu ya faru, kuma ba daga bakinsa muka ji ba. Wata tsohuwa ce ta faɗa mana wurin zaman makoki. Ta ce a shekarar yunwa, duk lokacin da ya dawo daga tafiya sai ya tsaya a bakin ƙauyensu da dare ya sauke garin rogo da ya saya da kuɗinsa, ya ce a raba wa gidajen da babu namiji. Wani kuma ya ce a motar Tsoho aka kai mahaifiyarsa asibiti tana kan gwiwa da cikinsa, bisa buhunan masara, kuma ko kwabo bai karɓa ba.

Ba za mu ɓoye ɗaya ɓangaren ba. Iyayenmu sun tashi suna ganin mahaifinsu kamar baƙo, wata guda yana hanya, kwana uku yana gida. Ya yi shekaru yana cin goro don korar barci, har haƙoransa suka tafi. Bayansa ya ranƙwafa, idonsa ya raunana. Ƙungiyar direbobi ta NURTW ta kafu a 1978, hukumar kiyaye haɗurra ta zo a 1988, amma babu wadda ta zo masa da fansho. Bai taɓa mallakar motar kansa ba. Abin da ya tara shi ne gona guda, da 'ya'yan da ya sa makaranta, waɗanda ta dalilinsu mu ma muka yi karatu.

Yau da an ce direban babbar mota, abin da ke zuwa ran mutane ganganci ne da shaye-shaye. Akwai masu yi, ba mu musa ba. Amma masara da tumatir da shanun da ke sauka a kasuwannin Kudu har yanzu a bayan waɗannan motoci suke tafiya, ta hanyoyin da 'yan bindiga suka mayar abin tsoro, ciki har da ta Birnin Gwari da Tsoho ke bi da tsakar dare ba fargaba.

Laifinmu shi ne muna da waya a hannu, amma ba mu taɓa naɗar muryarsa ba. Abin da kuka karanta guntattaki ne da muka tsinto bayan ya tafi. Duk mai kaka a raye, direba ne ko maƙeri ko ungozoma, ya zauna da shi a wannan mako ya yi masa tambayoyi, ya rubuta.

Allah Ya jiƙan Tsoho, Ya haskaka kabarinsa, Ya kai duk direban da ke kan hanya gida lafiya. Amin.