Tarihin Sunayen Tsirran Lambu a Garin Gombe

Aikin ɗaukar hotunan furanni da itatuwan lambu da muka gudanar a garin Gombe, domin tanadar kayan koyar da Hausa, ya nuna mana cewa sunan tsiro kan adana tarihin zuwansa. Gombe ta dace da wannan nazari. Tun da aka maido hedikwatar masarauta daga Nafaɗa zuwa Gombe Doma a 1919, garin ya zama mahaɗar Fulani da Hausawa da Bolawa da Terawa, har itace ɗaya kan amsa suna biyu a unguwa guda: tsamiya ita ce jaɓɓi a Fulatanci, kuka kuwa ɓokki.

Sunaye mafi daɗewa cikin baƙin tsirrai ta hamada suka iso. Albasa da alkama da lemo duk Larabci ne asalinsu. A da, abin da ya zo daga nesa akan jingina shi ga Masar, shi ya sa aka ce masara, aka kuma ce gwandar Masar domin a bambanta ta da gwandar daji, alhali su biyun daga nahiyar Amurka suka fito. Gwaiba ta biyo bakin teku ne da sunanta na Fotugis. Darbejiya kuwa, wadda ke inuwantar da titunan Gombe, ’yar Indiya ce da aka fara dasawa a lardin Borno a 1928, amma har ta sami sunaye uku, wato darbejiya da dogonyaro da maina.

Inda gizo ke saƙar shi ne furannin ado. Kariya mai jan fure da lalle suna cikin ƙamus ɗin tsirrai na J. M. Dalziel na 1916. Amma yawancin waɗanda Turawa suka dasa a barikokinsu, irin su buganbiliya, wadda ta ci sunan wani matuƙin jirgin ruwa Bafaranshe, har yau “fulawa” kawai ake ce musu, kalmar da ɗalibi kan rikita da garin burodi. A ganinmu wannan giɓi ne a manhaja. Muna ba da shawarar kowane hoto ya zo da sunan Hausa da na Fulatanci da asalinsu, inda babu suna kuma a tuntuɓi masu lambu da malaman Kwalejin Nazarin Lambu ta Tarayya da ke Daɗin Kowa kafin a ƙirƙiro sabo.