Annoba da Rabon Kuɗin Lafiya a Ƙasar Kazaure da Babura

Ƙananan hukumomin Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura suna kusurwar arewa maso yammacin Jihar Jigawa, tsakanin Kano da Katsina, ba nisa da iyakar Nijar. Ukun farko na cikin masarautar Kazaure, wadda Ɗan Tunku ya kafa a farkon ƙarni na 19, Babura kuwa tana ƙarƙashin masarautar Ringim. Mazauna yankin galibi manoma ne Hausawa da Fulanin gida, sai kuma Fulani makiyaya da ke zaune a rugage, waɗanda da yawansu kan tashi da shanu idan rani ya yi. Tarihin annoba a nan yana tafe da wata tsohuwar matsala: hukuma ta daɗe da sanin hanyar ƙauye da ruga idan za ta karɓi kuɗi, amma ta jima ƙwarai kafin ta bi wannan hanya da magani.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, an sa Kazaure cikin Lardin Kano, aka kuma tsara Baitulmali a masarautu. Manomi na biyan haraji, makiyayi na biyan jangali a kan kowace saniya. Hakimi da dagaci da arɗo su ne ke ƙirga da tarawa, kuma ƙirgar shanu ba a yi mata sakaci, domin jangali na cikin manyan kafofin kuɗin En'e. Abin da aka kashe wa lafiya daga wannan kuɗi kaɗan ne, kuma a birni aka fi kashe shi. Asibitocin farko na mulkin mallaka an gina su ne don Turawa da sojoji da ma'aikatan gwamnati. Lokacin da murar nan mai kisa ta ratsa duniya a 1918 ta iso Arewa, mutanen karkara ba su da abin dogaro sai malamai da masu maganin gargajiya. Sai a ƙarshen shekarun 1920 En'e ta Kano ta samu babban asibitin birni, wanda yau ake kira Asibitin Murtala. Daga baya aka riƙa buɗe ɗakunan sha-ka-tafi a garuruwan hakimai, kowanne da malamin asibiti guda, ga kuma duba-gari masu leƙa tsabtar gidaje da mahauta.

Makiyaya sun fi kowa jin wannan rashin daidaito. Gwamnati ta kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom a shekarun 1920, malaman dabbobi kuma suka riƙa bin garke suna yin allurar bushiya, saboda mutuwar shanu asara ce ga Baitulmali. Ba a yi wani tsari makamancin wannan ba don matan ruga da 'ya'yansu. Agana, ƙyanda da sanƙarau sun ci gaba da zagayowa. Gangamin kawar da agana da aka fara a 1967 ya sa ma'aikatan lafiya suka bi kasuwanni da ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya suna yin lamba, kuma ya yi nasara: a 1970 aka ga cutar karo na ƙarshe a Najeriya. Kuɗin aikin da kayansa sun zo ne da taimakon waje, shi ya sa da aka gama, ayarin ya watse. A 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kano, wadda yankin ke cikinta har aka ƙirƙiro Jigawa a 1991. Talakawa sun yi murna da wannan, sai dai sokewar ba ta kawo asibiti kusa da ruga ba.

Sanƙarau shi ne annobar da yankin ya fi sani. Yana tasowa da zafin bazara, bayan ƙurar hunturu ta busar da hanci da maƙogwaro, kuma yana iya kashe yaro cikin kwana ɗaya ko biyu, ko ya bar shi da kurumta. Wannan gaggawa ita ce ke sa nisa da asibiti ya zama hukunci. A 1996 sama da mutum 100,000 suka kamu a Najeriya, fiye da 11,000 suka rasu, mafi yawa a jihohin Arewa. A shekarar ne kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara wajen 200 a Asibitin Zana na Kano, yara 11 suka mutu, rigimar kuma ta kai har 2009 kafin a yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Labarin ya bazu ƙauyuka, ya kuma ƙara wa mutane zargi lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Tambayar da iyaye suka riƙa yi tana da tushe: me ya sa ake kawo ɗigon shan inna kyauta har ƙofar gida, alhali maganin zazzaɓi sai an yi tafiya an kuma biya? Da aka soma aika ayari na musamman zuwa rugage daga 2012, an tarar da matsugunai da dama a Arewa waɗanda babu mai rigakafin da ya taɓa taka su.

An yi ƙoƙarin gyara tsarin kuɗin. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja za su ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu, adadin da gwamnatin tarayya ba ta kai ba. A zamanin Sule Lamido Jigawa ta kafa tsarin Gunduma, wanda ya haɗa ƙananan asibitoci da manya ƙarƙashin hukuma guda a kowane yanki. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, amma sai a kasafin 2018 aka fara saka kuɗin. Tsarin rabon wannan kuɗi yana bin mazaɓa ne: a gyara asibiti guda a kowace, a yi wa marasa ƙarfi rajista a can. Wannan ya dace da manomin da ke zaune wuri ɗaya. Makiyayin da ke damina a Gwiwa ya yi rani a wata jihar ba ya shiga lissafin kowace mazaɓa yadda ya kamata. Tun 1989 akwai hukumar ilimin makiyaya ta ƙasa, amma ba a kafa takwararta ta lafiya ba.

Korona ta shigo Najeriya ranar 27 ga Fabrairu 2020, kuma a watan Afrilu, dab da azumi, gwamnatin Muhammad Badaru Abubakar ta rufe Kazaure bayan an tabbatar da cutar a can. Ɗakunan gwaji da wuraren killacewa sun taru a manyan birane, an kuma killace almajiran da aka dawo da su daga wasu jihohi a sansanin masu yi wa ƙasa hidima da ke Dutse. Kulle kasuwanni ya fi cutar kanta taɓa mutanen karkara: mai tallar nono ta rasa inda za ta kai ƙwaryarta, mai akuya ya rasa mai saye, kayan tallafi kuma ana rabonsu ne da jerin sunaye da aka rubuta a cikin gari. A Amurka, dokar agaji ta Maris 2020 ta ware dala biliyan 8 musamman ga gwamnatocin ƙabilun asali, duk da cewa shari'a ta jinkirta kuɗin yayin da cutar ke yi wa al'ummar Nabaho ɓarna. A Najeriya ba a ware wa makiyaya ko mazauna lungu wani kaso da sunansu ba.

Allurar korona ta iso ƙasar a Maris 2021, Jigawa kuma ta shiga sahun gaba wajen yawan waɗanda aka yi wa, saboda an yi amfani da hakimai, limamai da ayarin da aikin shan inna ya horar. Sanƙarau ya sake tasowa a jihar a 2023, bayan ya ɓarke a yankin Damagaram, kuma a Maris 2024 Jigawa na cikin jihohin da aka fara yin sabuwar allurar da ke kare mutum daga nau'i biyar na ƙwayar cutar. Kuɗin wannan gangami ma, kamar na agana da na shan inna, mafi yawansa daga ƙungiyoyin duniya ya fito.