Tsarin Gini Mai Koyi da Halitta a Muhallin Tsofaffi

Tsarin gini mai koyi da halitta hanya ce ta zana muhalli yadda bishiyoyi, hasken rana da iska za su kasance cikin rayuwar mazauna ta yau da kullum. Ana ba shi muhimmanci a gidajen tsofaffi, domin su ne suka fi wuni a gida.

A shekarar 1984 masanin Amurka Roger Ulrich ya wallafa bincike a mujallar Science kan marasa lafiyar da aka yi wa tiyata. Ya gano cewa waɗanda tagarsu ke fuskantar bishiyoyi sun fi saurin barin asibiti, kuma ba su buƙaci maganin raɗaɗi mai ƙarfi kamar masu kallon bango ba. Irin wannan bincike ya ƙarfafa masu zanen gine-gine. Misali shi ne Kampung Admiralty a Singafo, da aka kammala a 2017, wanda ya haɗa gidajen tsofaffi, cibiyar lafiya da lambuna a saman gini ɗaya.

A Bauchi yawancin tsofaffi na zaune ne tare da iyalansu, kuma gidan gargajiya ya daɗe da sanin wannan hikima. Katangar ƙasa mai kauri tana tare zafin rana, rufin azara yana sanyaya ɗaki, inuwar darbejiya ko mangwaro a tsakar gida kuwa wurin hutu ne da hira da jikoki. A zaure dattijo ke karɓar baƙi ba tare da ya yi nisa da gida ba.

Sai dai unguwanni irin su Yelwa, inda Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ke da harabarta, sun cika da ɗakunan haya na bulo da kwano, filin tsakar gida yana ƙara matsewa. A watannin Maris da Afrilu irin waɗannan ɗakuna kan riƙe zafi har dare, abin da ke da haɗari ga tsoho mai hawan jini ko ciwon zuciya.

Najeriya na da Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 2021. Amma gyaran farko a gida yake: a bar bishiya a tsakar gida, a fitar da tagogi masu fuskantar juna, a sa silin, a kuma daidaita daɓe don kada dattijo ya yi tuntuɓe.