Yadda ƙwaƙwalwa ta koyi sarrafa na'ura ba da hannu ba

Tarihin haɗa ƙwaƙwalwa da na'ura ya faro ne daga Jamus. A shekarar 1924, likita Hans Berger na birnin Jena ya auna ƴar wutar lantarkin da ƙwaƙwalwar ɗan Adam ke fitarwa, ya kuma bayyana sakamakonsa a 1929. Tun daga lokacin masana suka kwaɗaitu da karanta wannan saƙo, su fassara shi, domin wanda jikinsa ya shanye ya iya motsa wani abu da niyyarsa kaɗai. A zatonsu ƙwaƙwalwa tamkar littafi ce da aka gama rubutawa, aikin na'ura kuwa karatu. Abin da ya biyo baya ya nuna cewa ita ma ƙwaƙwalwar ɗaliba ce, tana sake tsarinta don ta dace da na'urar.

Shaidar farko ta zo a 1969 daga Eberhard Fetz na Jami'ar Washinton da ke Seattle a Amurka. Ya dasa siririyar waya a sashen ƙwaƙwalwar biri mai kula da motsi, ya haɗa ƙwayar jijiya guda da allurar ma'auni. Duk sa'ad da ƙwayar ta ƙara bugawa, allurar ta motsa, sai a ba birin abinci. Bayan ƴan zama na horo, birai suka riƙa ƙara bugun ƙwayar da kashi 50 zuwa 500 cikin ɗari. Ba wanda ya nuna musu hanya. Gani da lada suka koya musu.

A 1973 Jacques Vidal ya raɗa wa fannin suna a Kalifoniya. A 1999 John Chapin da Miguel Nicolelis suka horar da ɓeraye su danna maɓalli don wani ƙarfe ya kawo musu ruwa, sannan suka mayar da jan ƙarfen ga saƙon ƙwaƙwalwarsu. Wasu ɓerayen suka daina danna maɓallin, ruwa kuwa bai daina zuwa ba. A 2004 aka dasa wa Matthew Nagle, wanda ya shanye daga wuya zuwa ƙasa, ƴar faranti mai allurai kimanin 100, ya motsa ɗigo a allon kwamfuta, ya buɗe wasiƙa, ya sarrafa talabijin.

To amma me ke faruwa a cikin kai yayin wannan koyo? A 2009 Karunesh Ganguly da Jose Carmena na Berkeley suka bar wa birai ƙa'idar fassara guda ba tare da sauya ta ba, kwana da kwanaki. Da farko bugun ƙwayoyin ya kasance barkatai, daga baya ya zauna a tsari ɗaya da birin ke dawowa gare shi kowace safiya, kamar yadda hannun masaƙi ke tuna aikinsa. Ko da aka hargitsa ƙa'idar da gangan, cikin ƴan kwanaki birai suka ƙware a kanta.

Sai dai wannan sauƙin kai yana da iyaka. A 2014 Patrick Sadtler da Aaron Batista da Byron Yu na birnin Pittsburgh suka lura da ƙwayoyi kusan 90, suka ga ba kowace ke cin gashin kanta ba: suna bugawa tare ne cikin wasu salo kamar 10 da suka saba da su. Idan sabuwar ƙa'ida ta nemi a jujjuya salon da ake da shi, biri kan koya cikin ƴan sa'o'i. Idan kuwa ta nemi salon da ƙwayoyin ba su taɓa haɗuwa a kai ba, sai wuni ya ƙare bai iya ba. A 2019 Emily Oby da abokan aikinta suka nuna cewa shi ma wannan yana yiwuwa, muddin aka bi shi mataki-mataki tsawon kwanaki, har sabon salo ya ginu.

Masu ƙera irin waɗannan na'urori don marasa lafiya kan yi amfani da tsarin da ɓangarorin biyu ke koyon juna: na'ura na gyara fassararta, ƙwaƙwalwa na gyara bugunta. Malamin aji kuwa zai gane abin da aka auna a Pittsburgh. Yaron da ya taso da Hausa kan kama sabuwar kalmar Faransanci nan take idan sautukanta suna cikin bakinsa tun asali, amma wasalin «u» na Faransanci, wanda babu irinsa a Hausa, kan ɗauke shi makonni. Binciken bai shafi harshe ba, sai dai ya ba da dalilin yin hattara: kasa iya abu a ranar farko ba ya nuna ƙarancin basira, yana iya nuna nisan abin daga wanda aka riga aka sani. Maganin nisa kuwa shi ne a rarraba tafiyar zango-zango.