Fatar shamwa ko tawul: da wanne ya kamata a tsane mota?

Tsane ruwa daga jikin mota bayan wanki aiki ne da ba a cika damuwa da shi ba, alhali kuwa sau da yawa a nan ne fenti ke samun lahani.

Idan aka bar ruwan ya bushe da kansa a rana, sinadaran da ke cikinsa, irin su kalsiyam da magniziyam, sukan bar farin tabo a fenti da gilashi.

Idan kuma aka goge da tsumman da bai dace ba, sai a karce shafin ƙyallin da ke saman fentin, wanda galibi kaurinsa bai kai na silin gashin mutum ba.

Abubuwa biyu ne aka fi amfani da su a wannan aiki: fatar shamwa da tawul ɗin maikrofaiba.

Fatar shamwa

Shamwa sunan wata dabba ce mai kama da akuya da ke zaune a tsaunukan Turai, kuma da fatarta aka fara yin wannan abin goge-goge.

A yau da ɓangaren ciki na fatar tunkiya ko ɗan rago ake yin ta.

Da man kifi ake jeme ta, saɓanin jimar bagaruwa da aka sani a ƙasar Hausa. Wannan ne ke ba ta laushi da shan ruwa ninkin nauyinta.

Garin Niort na ƙasar Faransa ya daɗe da yin suna a wannan sana'a.

Sai dai fatar shafaffiya ce, ba ta da gashi. Duk ƙwayar yashin da ta rage a jikin mota ba ta da wurin ɓuya, don haka fatar kan ja ta a kan fenti.

Tana kuma ƙandarewa idan ta bushe. Dole ne a jiƙa ta, a matse, kafin a ɗora ta a kan mota.

Akwai kuma shamwar roba, wadda ta fi araha, amma ita ma shafaffiya ce.

Tawul ɗin maikrofaiba

Asalin wannan zare daga Japan ne. A shekarar 1970 Dokta Miyoshi Okamoto na kamfanin Toray ya samar da wani yadi daga zaren roba mai matuƙar siranta, kuma a shekarun 1990 amfani da irin wannan zare wajen goge-goge ya bazu a Turai.

Ana haɗa shi ne da poliyesta da nailan, galibi kashi 80 da kashi 20, ko kuma 70 da 30.

Akan tsattsaga zaren, ta yadda ruwa da ƙura za su shige tsakaninsa, su yi nesa da fenti.

Babban tawul mai kauri kan tsane ƙaramar mota ba tare da yawan matsewa ba.

Aibinsa shi ne yana riƙe datti, kuma yana zubar da ɓurɓushin roba a cikin ruwa duk lokacin da aka wanke shi.

Wanne za a zaɓa?

Amsar ta dogara ne da yawan ƙurar da ke wurin.

A arewacin Najeriya da kudancin Nijar, musamman a lokacin hunturu, ƙura kan sauka a kan mota tun kafin a gama ɗauraye ta. A irin wannan yanayi tawul ya fi aminci ga fenti, musamman baƙi ko mai duhu, inda karcewa ta fi fitowa fili.

Fatar shamwa kuwa ta fi dacewa da gilashi da madubi, domin ba ta barin zare.

Kulawa

Kowanne aka zaɓa, a tsane mota a inuwa, a fara daga rufi zuwa ƙasa, kuma a ware wani tsumma dabam domin tayoyi.

Ya fi kyau a shimfiɗa tawul ya tsotse ruwan, maimakon a dirje da ƙarfi.

A wanke shamwa da sabulu marar ƙarfi, domin sabulun gari na cire man da ke jikinta, sannan a shanya ta a inuwa.

Shi kuwa tawul, kada a haɗa shi da kayan auduga a wanki, kada kuma a yi masa guga, saboda zafi na narkar da zarensa.

Wanda duk ya faɗi ƙasa daga cikinsu, a ajiye shi sai an wanke.