Lambar da ke Damtsen Kaka

Ƴan'uwa ɗalibai, duk mai kakan da ya haura shekara 60 a gida, ya roƙe shi ya naɗe hannun riga. A damtsensa za ku ga wani tabo zagayayye, faɗinsa kamar ɗan dala. Shi ne tsofaffinmu ke ce ma lamba. Tawa kakar ta ce ranar da aka yi musu, mai gari ne ya sa aka yi shela, aka jera su a inuwar tsamiya, aka ɗora mata wata aba kamar bindiga, kafin ta yi kuka an gama. Na tambaye ta ko lambar mece ce. Ta ce ta agana. Na ce mece ce agana kuma? Sai ta yi dariya ta ce, "To ka ga amfanin lambar ke nan."

Agana, wadda wasu ke ce ma ƴan rani, cuta ce mai zazzaɓi da ƙuraje. Mai tsananinta takan kashe kusan mutum 3 cikin 10 da ta kama. Wanda ya tsira sai ya tashi da zanzana a fuska, wani kuma ya makance. Tun kafin zuwan Nasara, a wurare da dama na Afirka ta Yamma mutane sun san dabarar ɗibar ruwan ƙurjin maras lafiya a tsaga fatar mai lafiya a shafa, don cutar ta zo masa da sauƙi. Dabara ce mai haɗari, amma tana nuna cewa tunanin tarar cuta tun ba ta iso ba bai zo mana a jirgi ba.

Abin da mulkin Faransa ya kawo shi ne tsari, da kuma tilas. Wani likitan soja, Eugène Jamot, ya yi aiki a Kamaru a shekarun 1920 da tawagar da ke bin ƙauye ƙauye tana neman masu ciwon barci, maimakon ta zauna jiran su a likita. A 1945 aka faɗaɗa wannan tsari a ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka, cibiyarsa a Bobo Julaso, aka haɗa da kuturta da ciwon ido da lambar agana da ta shawara. Aikin ya ceci rayuka, wannan ba musu. Sai dai yadda ake yin sa ya bar miki. Umurni daga kumandan yake fitowa, ya bi ta hannun sarki da mai gari, dogarai su tara jama'a, a kira suna da takardar da ake karɓar haraji da ita. Mutumin da ya saba ganin wannan takarda ranar bodo da ranar ɗibar ƴan aikin tilas, in ya ji motar likita ta iso ya tura ɗiyansa cikin gero su ɓuya, wa zai ga laifinsa?

Bayan samun ƴancin kai a 1960, sai aka fara gwada wata hanya. A yankin Maraɗi, cikin shekarun 1960, ƙauyuka suka riƙa zaɓar mutanensu a koya musu aikin taimakon farko, a ba su ɗan akwatin magani, ungozomomi kuma a koya musu tsabtar yanke cibi. Mai ba ka shawara ya zama maƙwabcinka, wanda kuke sallah sahu ɗaya. Wannan ya riga babban taron Alma Ata na 1978, inda ƙasashen duniya suka amince cewa a kai kiwon lafiya kusa da talaka.

A 1967 aka soma gangamin kawar da agana da rage ƙyanda a ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da Nijar. Bindigar da kaka ta gani ita ce na'urar da ake takawa da ƙafa, tana tura magani cikin fata ba allura, tana iya yi ma ɗaruruwan mutane cikin awa guda. Zuwa 1970 agana ta ƙare a wannan yanki. Mutum na ƙarshe da ta kama ta hanyar yaɗuwa tsakanin jama'a ɗan Somaliya ne, a 1977, kuma a watan Mayun 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an gama da ita a doron ƙasa. Har yau ita kaɗai ce cutar ɗan Adam da aka yi ma haka.

Amma ƙyanda ba ta tafi ba, kuma dalilin yana da muhimmanci. Kowace shekara ana haihuwar sababbin yara, motar gangami kuwa sai ta yi shekara biyu ko uku ba ta dawo ba. Wannan ya sa aka gane cewa rigakafi aikin kullum ne. A 1974 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa shirin allurar yara kan cututtuka 6: tarin fuka, mashaƙo, tarin shiƙa, sandarewar jiki, shan inna da ƙyanda. Nijar ta soma nata, wanda muka sani da PEV, a 1987. Daga nan ne aka samo abin da iyayenmu mata ke yi yau a CSI: allura ranar haihuwa, sannan a sati 6, sati 10, sati 14, da wata 9, a kuma koma cikin shekara ta biyu don ƙyanda zagaye na biyu, ana rubuta komi cikin karne.

Sanƙarau ma ya koya mana darasi mai tsada. Ƙasarmu tana tsakiyar yankin da yake tashi da rani, in iska ta bushe ƙura ta yi yawa. A 1995 ya yi ɓarna a Nijar, har aka gano cewa wasu alluran da aka kawo gudummawa jabu ne. A 1996 ya kama mutum wajen 250,000 a Afirka, ya kashe kimanin 25,000. A lokacin sai cuta ta ɓarke ake neman allura, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Sai a Disamba 2010 aka fara yi ma ƴan shekara 1 zuwa 29 sabuwar allurar MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, nau'in A na sanƙarau ya kusa ɓacewa. Amma a 2015 nau'in C ya tashi, ya kashe sama da mutum 500, har aka rufe lakkwal a Yamai na ƴan kwanaki. Da yawa cikin yayyenmu suna tuna wannan hutun da ba wanda ya yi murna da shi.

Akwai kuma batun yarda. A annobar 1996 kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani kan yara kimanin 200 a Kano, abin da ya jawo shari'a ta shekaru. Da jita-jita ta tashi a 2003 cewa ɗigon shan inna yana hana haihuwa, sai ta tarar da zukata a shirye. Kano ta dakatar da ɗigon har tsakiyar 2004, cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe wajen 20. Mu da muke cin kasuwa ɗaya da Jibiya da Mai'adua, muke aure da juna, ba yadda za a yi ta tsaya a iyaka. Sai da sarakuna da malamai suka shiga gaba, wasu suka ɗiga ma nasu ɗiyan a bainar jama'a, kafin abin ya gyaru. A 25 ga Agusta 2020 aka ce Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

Shekarun 2000 sun nuna abin da kusanci ke iya yi. Zamanin shugaba Tandja Mamadou an gina ƙananan gidajen likita kusan 2,000 a karkara. An raba sange miliyoyi daga 2005. A 2006 aka ce awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2012 ya nuna cewa mutuwar yara ƴan ƙasa da shekara 5 ta sauka daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Ku lissafa da kyau: cikin kowane yaro 1,000, kusan 100 sun rayu waɗanda a da da an binne su. Wataƙila wasunmu masu karanta wannan takarda muna cikinsu. Gaskiya ne kyautar ta yi ta tangal-tangal, domin gwamnati takan yi jinkirin biyan gidajen likita kuɗinsu, magani ya yanke, uwa ta taka kilomita goma a ce mata ta je ta saya. Duk da haka an ƙara gaba: yanzu da damina ana bi gida gida ana ba ƙananan yara maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wata wata.

To me ya rage? A 2023 mashaƙo ya ɓulla a Matamai, jihar Damagaram, ya kashe yara. Mashaƙo fa yana cikin cututtuka 6 na farko, allurarsa tana nan a CSI, ba a biyan ko dala. Waɗanda ya fi kamawa su ne yaran da ba a yi musu ba ko aka fara ba a ƙarasa ba. Iyayen kaka sun ɓoye ɗiya don tsoron kumandan. Mu namu haɗarin daban ne: ba mu taɓa ganin agana ba, ba mu cika ganin gurgun shan inna cikin ƙannenmu ba, sai mu ɗauka cututtukan sun tafi don kansu.

Mu ne masu karatu a gidajenmu. In an tafi hutu, kowa ya ce ma inna ko matar yaya ta ɗauko karnen jariri. Ku duba layin da ba a cike ba, ku duba ranar komawa, ku karanta mata. In hanya ta yi nisa, ku ɗauke ta a babur. Ni na duba na ƙanena bara, na tarar allurar wata 9 ta wuce da wata huɗu, don ranar ta faɗo tsakiyar girbi. Washegari muka je.